Yadda Ake Saita Birkin Diram na Tsohuwar Bitil

Duk wanda ya daɗe yana tuƙa Bitil ya san wannan yanayi. Watanni kaɗan da suka wuce, da ka ɗora ƙafa a kan birki motar ta ji. Yau kuma sai ƙafarka ta yi nisa, ta kusa taɓa ƙasa, kafin ka ji ta fara kamawa. Idan ka saki ka sake takawa da sauri, sai fedar ta taso sama ta yi tauri. Da yawa suna ganin haka sai su garzaya gareji a cire musu iska, wasu ma har a sa su sayen sabuwar masta, wato silindar da fedar birki ke dannawa ta tura mai zuwa ƙafafu. Alhali sau da yawa ba iska ba ce, ba kuma masta ba ce. Takalman birki ne suka ci, suka yi nesa da diram, kuma a wannan motar babu abin da zai matso da su sai hannun mutum.

Na zaɓi Bitil ne domin ita na fi sani, kuma har yau ana samunta jefi-jefi a hannun masu ƙaunarta. Kamfanin Volkswagen ya fara harhaɗa ta a Legas a 1975, wasu kuma an shigo da su tun kafin lokacin, sannan a 2003 aka ƙera ta ƙarshe a duniya, a Meksiko. Yawancinsu diram ne a ƙafafu huɗu. Akwai masu faifan birki a gaba. Idan irin taka ce, ƙafafun baya kaɗai wannan bayani ya shafa.

Abin da ke faruwa a ciki

Diram kaskon ƙarfe ne da ke juyawa tare da taya. A cikinsa akwai takalma biyu masu lanƙwasa, kowanne an manna masa fatar da ke gogar ƙarfen. Kai ɗaya na kowane takalmi yana jingine da ƙaramar silinda, wadda man birki ke turawa idan ka taka. Ɗaya kan kuma yana zaune a kan ajasta, wani ɗan noti mai haƙora kamar tauraro. Idan ka ɗage ƙafa, sifirin ya jawo takalman su koma mazauninsu.

To fatar nan kullum ci take yi, mazaunin kuwa yana nan inda yake. Tazarar da ke tsakanin fata da diram sai ta riƙa ƙaruwa, silinda ta buƙaci mai da yawa kafin ta cike ta, ƙafarka kuma ta riƙa yin nisa. Motocin zamani suna gyara wannan da kansu. Bitil ba ta yi, kuma ba ta da na'urar da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi. Kowace ƙafa tana da tauraro biyu, ɗaya na kowane takalmi, takwas ke nan a mota. Duk aikin shi ne ka matso da kowane takalmi daf da diram ba tare da ya riƙe shi ba, kuma hagu da dama su zo daidai. Ya kamata a duba duk bayan kimanin kilomita 10,000, ko duk lokacin da fedar ta fara wuce rabin tafiyarta.

Ka fara tabbatar da cewa saiti ne maganin

Zauna a motar tana kashe, ka taka birki ka riƙe. Idan fedar ta yi ƙasa amma ta tsaya cak da tauri, kuma taku biyu a jere ya ɗago ta, saiti take so. Idan ka ji taushi kamar ka taka katifa, akwai iska a layi. Idan kuwa kana riƙe da ita tana sulalewa ƙasa a hankali, ko dai mai yana yoyo a wani wuri, ko robobin masta sun gaji. Biyun ƙarshen nan, ko ka kwana kana juya tauraro ba za su gyaru ba.

Buɗe but ɗin gaba ka duba robar man birki. Raguwa kaɗan ba laifi ba ne. Raguwa sosai kuwa alamar yoyo ce, sai ka leƙa bayan kowace taya ka ga ko akwai danshi a ƙasan farantin baya ko a jikin tayar ta ciki. Abin da ake zubawa man birki ne mai lambar DOT 3 ko DOT 4, daga gwangwanin da ba a daɗe da buɗewa ba, domin man birki yana shan danshin iska. Kada ka yarda kowa ya zuba maka man inji, yana kumbura robobi. Ruwan sabulun da wasu direbobi ke zubawa idan mai ya ƙare musu a hanya kuwa, wasa da rai ne, kuma tsatsar da yake bari a silinda sai an canza ta.

Sai ka danna fedar da yatsa. Ya kamata ta yi ɗan wasa na milimita 5 zuwa 7 kafin ka ji ta taɓa masta. In babu wannan wasan, mai ba zai koma robarsa ba bayan ka saki, ƙafafu huɗun duka su riƙa riƙewa, kai kuma ka yi ta zargin saitinka.

Kaya da wuri

Ba kaya masu yawa ba ne: jak mai kyau, ƙafafun ƙarfe na tallafe mota, waigi huɗu, sukundireba mai faɗin baki wadda ba ta cika tsawo ba, tocila, sifana mai lamba 10 guda biyu, tsumma, da tabarma ko kwali na kwanciya. In ka samu mai taka maka birki, aikin ya fi sauri.

A nan zan ɗan tsaya, domin abin yana damuna. Jak ɗin da ke zuwa da Bitil na canza taya ne, ba na shiga ƙarƙashi ba. Ramin da ake soka shi a gefen motar, a mota mai shekara arba'in ko hamsin, sau da yawa tsatsa ta gama cinye shi ta ciki. Na taɓa ganin irin wannan ramin ya lotse, motar ta zauno ƙasa, Allah ya kiyaye babu kowa a ƙarƙashi. Bulon siminti ma ba abin dogaro ba ne, yana fashewa ba sallama. Nemi daɓen siminti ko ƙasa mai tauri wadda ta miƙe. A gaba, ka tallafe motar a kan bututun ƙarfen nan biyu da ke riƙe da ƙafafu. A baya kuma, a kan babban bututun da ya gitta gaban tayoyin baya. Ka girgiza ta da hannu biyu kafin ka sa kanka a ƙasa.

Kuma a yi aikin diram yana da sanyi. Ƙarfe mai zafi buɗewa yake yi. Idan ka saita bayan doguwar tafiya, da ya huce zai tsuke ya kama takalman. Safiya ta fi.

Gano tauraro

Ba sai ka cire taya ba. A tsofaffin Bitil masu kusoshin wili biyar, galibi ramin saiti a fuskar diram yake: ka cire murfin wili, ka juya tayar har ramin ya zo saitin tauraro. A masu kusoshi huɗu, waɗanda suka fito daga wajejen 1968, ramukan suna jikin farantin baya, an toshe su da 'yan robobi, sai ka kwanta ka leƙo ta ciki. A ƙafafun baya za ka same su ta ƙasa, biyu kusa da juna. Haska tocila za ka ga haƙoran. Sauran ramukan da ke can bakin farantin na duba kaurin fata ne.

Ka duba kaurin tun yanzu. Idan fatar ta kai milimita 2.5 ko ƙasa da haka, lokacin saiti ya wuce, sai sabon takalmi. Kuma ana canzawa ne ƙafa biyu tare, hagu da dama, ko da ɗaya ce ta ci.

Saitin kansa

Fara da gaba, ya fi sauƙin koyo, domin tayar ba ta haɗe da giya. Ja birkin hannu, sa waigi a tayoyin baya, ɗaga gaban. Kafin komai kama tayar sama da ƙasa ka jijjiga. In ka ji ƙwal-ƙwal, boris, wato abin da tayar ke juyawa a kansa, ya saki, kuma diram mai rawa ba ya saituwa. A fara gyara wannan.

Juya tayar da hannu ka saurara. Ka riƙe wannan sautin da wannan sauƙin juyawar a ranka, da su za ka gwada. Sannan a taka birki da ƙarfi sau uku ko huɗu a saki, domin takalman su zauna a tsakiya.

Yanzu soka bakin sukundireba tsakanin haƙoran tauraro ɗaya, ka jingina ta da bakin ramin, ka ɓanɓara. Za ka ji ƙas, haƙori ɗaya ya wuce. Wani ɗan ƙarfe ne mai lanƙwasa yake danne haƙoran don kada su juya da kansu, shi ke ba da wannan sautin. Wane ɓangare ne ɗaurewa? Kada ka wahalar da kanka da haddace wannan. Juya haƙora huɗu ko biyar ta gefe guda, kana juya tayar da ɗaya hannun. In ta fara gogawa, kana kan hanya. In babu abin da ya canza, ko ta ƙara sakewa, koma ɗaya gefen. Abin da za ka riƙe kawai shi ne, taurarin nan biyu na ƙafa guda saɓanin juna suke: in wannan ta sama yake ɗaurewa, ɗan'uwansa ta ƙasa ne.

Ci gaba da ɗaurewa, haƙori bayan haƙori. Da farko za ka ji shuu a wuri ɗaya na zagayen, sannan gugar ta game ko'ina, sannan tayar ta yi nauyi, har ta kai ba ka iya juya ta da hannu ɗaya. Tsaya nan. Kada ka ƙara danna sukundireba da ƙarfin tsiya, haƙoran suna gutsurewa. A sake taka birki sau biyu a saki. Sau da yawa za ka tarar tayar ta ɗan sake, domin takalmin ya gyara zama. In haka ta faru, ƙara haƙori ɗaya ko biyu har ta sake kamawa.

Daga nan sai ka sassauta, kana ƙirgawa: ɗaya, biyu, uku. Juya tayar. Idan tana juyawa sakayau, ko da 'yar guga mai laushi wadda ba ta tsayar da ita, ya yi. In har yanzu da nauyi, ƙara na huɗu. Ka rubuta adadin ko ka riƙe shi a ka.

Wannan ɗaurewa har ƙarshe kafin a sassauta ita ce gaba ɗayan sirrin, kuma ita ce mutane ke tsallakewa. Wanda ya ɗaure kawai har ya ji guga ta farko ya tsaya, bai san inda takalmin yake ba, domin wataƙila gefensa ne kawai ya taɓa wani tudu a diram. Wanda ya kai shi bango sannan ya dawo haƙori uku, ya san tazarar da ya bari, kuma zai iya barin irinta a ɗaya ƙafar. Daidaiton nan ne ke hana mota fizgar sitiyari idan an taka birki.

Sai ka koma tauraro na biyu na wannan ƙafar ka maimaita komai. Takalmi ɗaya a lokaci guda. In ka ɗaure biyun tare, ba za ka san wanne ke gogawa ba. Ka gama, ka zagaya ɗaya ƙafar, ka yi ƙoƙari adadin haƙoran da ka sassauta ya zama iri ɗaya. Mayar da robobin ramukan. Ƙanana ne, amma su ke tare ruwan damina da ƙurar hunturu.

Idan tayar tana kamawa a wuri ɗaya tana saki a wani, har ka sassauta haƙora shida ko bakwai ba ta daina ba, diram ɗin ya bar da'ira. Faɗin cikinsa a Bitil ta asali milimita 230 ne, iyakar cinsa kuwa 231.5. Mai injin gyaran ƙarfe zai iya share shi muddin bai wuce iyakar ba. In ya wuce, a nemi wani. Wuraren kayan tsofaffin motoci irin Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna ne farkon inda zan leƙa, da ma'auni a aljihu.

Ƙafafun baya

Sauke gaban, mayar da waigi tayoyin gaba, gaba da bayansu, domin yanzu za ka saki birkin hannu gaba ɗaya ka fitar da giya. Ɗaga ƙafafun baya biyun tare. Kada ka yi mamaki in ka juya ɗaya ka ga ɗayar tana juyawa baya, haka giyar take. Za ka kuma ji tayar baya ta fi ta gaba nauyi tun kafin ka taɓa komai, domin tana jan ƙarfen aksil da man giya. Ka saba da wannan nauyin tukuna, kada ka ɗauke shi gugar birki.

Akwai tarko a nan. Mutane da yawa idan birkin hannu ya daina kamawa, wayarsa suke ɗaurewa, alhali takalman ne suka yi nisa. Wayar da aka ɗaure haka tana riƙe takalmi a ɗage, ta ɓata maka lissafi. Don haka ɗaga robar da ta rufe gindin birkin hannu, tsakanin kujerun gaba. Za ka ga ƙarshen wayoyi biyu, kowace da notin saiti da notin kulle. Sassauta su da sifana 10 har wayoyin su yi lako-lako. Sannan ka je ka saita taurari huɗun na baya kamar yadda ka yi a gaba.

Bayan an gama ne ake komawa birkin hannu. Ja shi ƙas uku. Ɗaure notocin kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan, kana zuwa kana gwada tayoyin, har ya zama da ƙyar kake juya kowacce da hannu, kuma nauyinsu ɗaya. A ƙas na huɗu kada su motsa sam. In akwai ɗan ƙarfen da ya gitta kan wayoyin biyu, ya zauna a miƙe, kada ya karkace. Saki birkin hannun ka tabbatar tayoyin sun koma juyawa yadda ka bar su. Sai ka ɗaure notocin kulle.

Idan tauraro ya ƙi motsi

A motar da ta daɗe a ajiye, wannan kusan dole ne. Tsatsa ta haɗe tauraron da mazauninsa. Kada ka fesa mai ta ramin, zai sauka a kan fata. Cire diram ɗin ne mafita.

A gaba, ka sani cewa notin da ke riƙe diram ɗin ƙafar hagu zarensa a juye yake, wato ta inda ake ɗaure sauran notoci ta nan ake kwance shi. Ta tsakiyar wannan ƙafar ce kuma wayar mitar gudu ta ratso, sai an cire ɗan maƙallinta kafin murfin ya fita. A baya kuwa noti ɗaya ne babba mai lamba 36, da aka ɗaure da ƙarfin Nm 300 zuwa 350 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗaure noti) gwargwadon shekarar motar. Ana sassauta shi ne motar tana ƙasa, da dogon bututu, ba tana kan jak ba. Wajen mayarwa a ɗaure shi sosai, a sa sabon fin, wato ɗan ƙarfen da ake sokawa don hana notin kwancewa. In ramin fin ɗin bai zo daidai ba, ƙara ɗaurewa ake yi, ba a komawa baya. Notin nan in ya yi sako-sako yana cinye haƙoran diram. Wanda ba shi da kayan wannan aiki, gara ya kai wa bakaniken da ya san Bitil.

Da ka buɗe, kada ka hura ƙurar da baki ko da iskar famfo. Tsofaffin fatun birki da yawa suna da asbestos, ƙurarsa kuma tana lalata huhu. Goge da jiƙaƙƙen tsumma ka yar da shi. Ka gargaɗi mai taimaka maka kada ya taka birki diram yana waje, fistocin silinda za su fito. Kafin ka cire komai, ɗauki hoto da waya, musamman yadda bakin takalmi ya zauna a tsagar ajasta, domin tsagar a karkace take kuma tana da fuskar da take kallo. Zare tauraron, wanke zarensa, shafa masa giris ɗan kaɗan, kamar ƙwayar gero, ka mayar.

Ɗaga robar bakin silinda ka leƙa. In da danshi, tana yoyo. In ka ga baƙin mai mai kauri da wari ya jiƙa takalman baya, man giya ne ya ɓullo ta sil ɗin aksil, wato robar da ke tare man. Fatar da ta sha mai ta gama aiki. Wanke ta da fetur ko babbaka ta da wuta ba ya fitar da abin da ya shige ciki. Da ta yi zafi zai sake tsattsafowa.

Wani abu kuma da ke ruɗa mutane: ƙafa ɗaya ta riƙe bayan an taka birki, ta ƙi saki sai bayan mintoci. Ba saiti ba ne. Tiyon roba ne ya kumbura ta ciki, yana barin mai ya tafi amma ba ya barinsa ya dawo. Daga waje lafiya lau za ka gan shi.

Gwaji

Sauke motar, taka birki tana tsaye. Ya kamata fedar ta kama tun a sama, kafin rabi, da tauri, kuma taku na biyu kada ya bambanta da na farko sosai. In ka cire tayoyi, sake bin kusoshin wili yanzu da take ƙasa.

Nemi hanyar da babu mutane da ababen hawa. Fara da gudun kilomita 20, ka taka a hankali, hannunka sakwa-sakwa a kan sitiyari. Sannan 40, ka taka da ƙarfi. In ta ja hagu, ko dai hagun ya fi matsewa, ko daman ba ya kamawa yadda ya kamata, kuma sau da yawa laifin yana ɓangaren da ba ta ja ba. Duba iskar tayoyi kafin ka koma ƙarƙashi, domin taya mai ƙarancin iska ma tana jan mota. Hanyar burji tana da amfani a nan: ka taka har tayoyin su ja ƙasa, ka fito ka dubi sawun. Na hagu da na dama su fara a wuri ɗaya.

Daga nan yi tafiyar kilomita uku ko huɗu ba tare da yawan taka birki ba, ka tsaya a hankali, ka kai bayan hannunka kusa da kowane wili, kada ka damƙa. Ɗumi kaɗan ba komai. Wanda ya fi sauran zafi, ko kake jin ƙaurinsa, yana gogawa: bari ya huce, ka sassauta masa haƙori ɗaya a kowane tauraro, ka sake gwadawa. In sababbin takalma ka sa, za su zauna su ɗauki siffar diram a 'yan kwanakin farko, fedar ta sake yin ƙasa kaɗan. Bayan kilomita ɗari biyu ko uku sai ka sake ɗaga motar ka bi taurari takwas ɗin daga farko.